Gidan hutu a bakin teku: Abin da bidiyon talla ba ya nunawa game da Ada Foah ta Ghana

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma ga ɗaukewar wutar lantarki, wani yayana ɗan kasuwa ya turo mini bidiyo a WhatsApp. Bai kai minti ɗaya ba. Farin gida ne mai hawa ɗaya, ga itatuwan kwakwa iska na kaɗa su, ga farin yashi, ga ruwa iya ganinka. A ƙasan bidiyon an rubuta farashi da dala, da sunan garin: Ada Foah, a ƙasar Ghana.

Tambayarsa gajeriya ce. Yana so ya san ko abin na yi ne, domin ya gaji da kai iyali otal duk hutun makaranta, kuma yana ganin gara ya zuba kuɗinsa a ƙasa da ya bar su a banki naira na ta zubewa.

Ba shi kaɗai ke da irin wannan buri ba. Duk wanda ya taso a inda teku mafi kusa yake da nisan kusan kilomita 1,000 ya san yadda hoton ruwa ke jan zuciya. Sai dai da na zauna bin diddigin lamarin, na tarar akwai abubuwa da dama tsakanin wancan bidiyo da mukullin gida, kuma mafi nauyinsu ba a hannun dillali yake ba.

Ada Foah ƙaramin gari ne a yankin Greater Accra, kimanin kilomita 100 gabas da birnin Accra, tafiyar kamar awa biyu a mota idan babu cunkoso a Tema. A nan ne kogin Volta ke ƙare tafiyarsa ya faɗa Tekun Atlantika. Garin na zaune ne a kan wani siririn tsibi na yashi: ta kudu teku mai ƙarfin igiya, ta gabas kuma kogi mai natsuwa da ƙananan tsibirai a cikinsa. Mutanen garin 'yan ƙabilar Dangme ne, akasarinsu masunta da manoma da masu haƙar gishiri. In ka tsallaka kogin ka shiga ƙasar Ewe.

Babu hayaniyar Legas a nan, babu ta Accra. Garin kan cika ne a farkon watan Agusta lokacin bikin gargajiya na Asafotufiami, da kuma hutun ƙarshen shekara. A wasu watanni kunkurun teku kan fito da dare su yi ƙwai a yashin gaɓar. Masu hannu da shuni na Accra sun daɗe da gano wurin, shi ya sa bakin kogin ke jere da gidajen hutu, kowanne da ɗan wurin ɗaure kwalekwale mai inji.

Kuma garin ba baƙo ba ne ga tarihin fataucin Hausawa, ko da yake mutane kaɗan ne suka san haka. Gishirin tafkin Songor da ke yamma da Ada, tun ƙarnonin baya ake loda shi a kwalekwale a haura da shi kogin Volta zuwa Kete Krachi da Salaga, kasuwannin da fataken goro daga Kano da Katsina ke sauka. A Kete Krachi ne fitaccen malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Tsohon garin na Kete Krachi yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, kuma madatsar da ta nutsar da shi za ta sake fitowa a wannan labari.

Ana cewa saye, amma haya ce

Abu na farko da ya kamata duk wanda ba ɗan Ghana ba ya sani shi ne ba zai taɓa mallakar fili a ƙasar mallaka ta har abada ba. Sashe na 266 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya haramta hakan kai tsaye. Iyakar abin da baƙo zai samu shi ne hayar fili ta tsawon shekara 50 a karo ɗaya. Duk yarjejeniyar da ta ba shi mallaka ta dindindin, doka na ɗaukarta tamkar ba a yi ba.

Dokar Filaye ta 2020 ta zo ta toshe ƙofofin da mutane ke bi ta bayan gida. Auren 'yar Ghana ko ɗan Ghana ba ya ɗage wannan ƙa'ida. Kafa kamfani ma ba lallai ya fisshe ka ba, domin duk kamfanin da baƙi suka mallaki fiye da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, shi ma baƙo ne a idon doka.

Hanyar da ta rage, wadda kuma wasu ke bi, ita ce saye da sunan wani aboki ko ɗan'uwa mai takardar zama ɗan ƙasa, ko a zangon Nima ko a Kumasi. A ganina wannan ita ce mafi haɗari. A takarda gidan nasa ne. Ran da ya rasu, magadansa ne za su gaji gidan, kuma amanar da ke tsakaninka da mahaifinsu ba ta rubuce a ko'ina.

Ɗan Najeriya bai kamata ya yi mamakin tsarin haya ba, tunda mu ma tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 takardar shaidar mallaka da gwamna ke sa wa hannu yawanci ta shekara 99 ce. Bambancin shi ne 50 rabin wancan ne, kuma akwai wani tarko a ciki. Idan gida ka saya daga hannun wani baƙon da ya riga ya ci shekara 20 daga cikin hayarsa, shekara 30 ka saya, ba 50 ba. Sabunta hayar kuma ya dogara ne da abin da aka rubuta a yarjejeniyar farko da masu ƙasar. In ba a rubuta sharaɗin sabuntawa ba, 'ya'yanka ne za su zauna ciniki da jikokin wanda ya ba da filin, a farashin wancan zamanin.

Wa ke da filin?

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana ba a hannun gwamnati take ba. Tana hannun masarautu da dangogi da iyalai. A kudu ana cewa filin kujera, saboda sarki a kan kujerar sarauta yake zama, a arewa kuma filin buzu. Sarki ko shugaban dangi riƙon amana yake yi a madadin jama'arsa, kuma ba shi da ikon bayar da fili shi kaɗai sai da amincewar manyan gidan.

A nan rikici yake. Dangi guda kan rabu gida biyu, kowane ɓangare da wanda yake kira shugabansa, kowanne kuma da takardarsa da hatiminsa. Sai a bayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, kowa ya biya, kowa na riƙe da takarda. Shari'o'in fili na daga cikin abubuwan da suka fi cika kotunan ƙasar, kuma wasu kan ɗauki shekaru masu yawa. Daga nan ne sana'ar 'yan daban fili ta samo asali, wato matasan da ake ɗauka haya su tsare fili ko su kori mai gini. Dokar 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga masu wannan aiki da masu ɗaukar nauyinsu, abin da ke nuna yadda matsalar ta kai wa hukuma iya wuya.

Wanda yake ganin kuɗi ko muƙami zai kare shi, ya tuna abin da ya faru a watan Yunin 2020. Wasu mutane suka shiga harabar gidan jakadan Najeriya a Accra da dare da motar rusau, suka rushe wani gini da ake kan yi. Sai da Shugaba Nana Akufo-Addo ya kira Shugaba Muhammadu Buhari ya ba shi haƙuri. Bayanin da gwamnatin Ghana ta fitar daga baya ya nuna cewa Najeriya ta biya kuɗin filin tun shekaru da dama, amma ba a kammala yi masa rajista ba, ita kuma masarautar Osu da ke da'awar ƙasar ta riga ta bayar da shi ga wani. Idan ƙasa sukutum za ta faɗa wannan rami saboda takarda ba ta cika ba, ina ga ɗan kasuwar da ke zuwa sau ɗaya a shekara?

Maganin ba ɓoyayye ba ne, sai dai yana cin lokaci, masu saye kuma gaggawa suke yi. Kafin sisi ya fita, a ɗauki lauyan da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko dillali. A sa mai awon ƙasa da ke da lasisi ya auna filin ya fitar da taswirarsa, sannan a kai taswirar Hukumar Filaye ta Ghana a yi bincike a ga sunan wa ke kansa. A leƙa kotu a ga ko akwai ƙara. Idan mai sayarwa na da aure kuma a cikin auren aka samu dukiyar, dokar 2020 na buƙatar rubutacciyar amincewar abokin zamansa. Bayan an biya kuma kada a zauna sai an yi rajista da sunanka. Wata dokar ta 2020 da ke kula da dillalan gidaje ta wajabta musu lasisi, ta kuma hana biyan kuɗin gida hannu da hannu, sai ta banki. Dillalin da ya ce a kawo dala a jaka ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Akwai kuma binciken da ba ya cikin kowane ofis, wato tambayar maƙwabta. Tsohuwar da ke shanya kifi kusa da filin ta san ko an taɓa kawo wani baƙo wurin an nuna masa.

Maƙwabcin da ba ya karanta takarda

A ce duk takardu sun cika. Saura tekun.

A 1783 Turawan Denmark sun gina wani sansani a Ada da suka kira Kongenstein. Yau in ka je nemansa, yawancin inda yake ruwa ne. A garin Keta da ke gabas, sun gina wani a 1784 mai suna Prinzenstein, wanda aka riƙa tsare bayi a ciki. Wannan yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su, amma a 1980 teku ya cinye babban ɓangarensa. Gine-ginen dutse ne da aka yi domin su jure harbin igwa.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Gaɓar tekun da ta tashi daga Ghana ta bi ta Togo da Benin zuwa Legas yashi ce, kuma yashin tafiya yake yi. Igiyar ruwa na zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, tana kwasar yashi tana tura shi gabas, dare da rana. Muddin ana kawo sabon yashi daga baya, gaɓar na nan inda take. Babban mai kawo wannan yashi a gabashin Ghana shi ne kogin Volta, wanda ke ɗebo laka da rairayi tun daga Burkina Faso.

A 1965 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kammala madatsar ruwa ta Akosombo domin samar da lantarki, daga baya aka ƙara ta Kpong a ƙasanta. Ruwa na wucewa ta injinan lantarki, amma yashin na kwantawa a bayan madatsar. Tun daga lokacin tekun ke ci gaba da kwasa, ba a mayar masa da abin da ya kwasa yadda ake yi a da. Madatsar da ta haska Accra, ta nutsar da Kete Krachi a sama, ita ce kuma ta rage wa Ada da Keta yashi a ƙasa. Zaizayar ta girmi madatsar, amma madatsar ta ƙara mata gudu. Tashoshin jiragen ruwa na Tema da Lome da Kwatano su ma suna tare yashi a yammacinsu, gabashinsu na zaizayewa. Ga masu ɗibar yashi domin gini, ga kuma tashin da matakin teku ke yi sakamakon ɗumamar yanayi.

Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa ƙasashe huɗu, wato Benin da Cote d'Ivoire da Senegal da Togo, asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Ghana ba ta cikin lissafin, amma tana tsakiyar wannan gaɓa.

A tsallaken kogi daga Ada akwai wani ƙauyen masunta mai suna Fuveme. Cikin shekarun 2010 teku ya bi gidajensa da makarantarsa ɗaya bayan ɗaya har mutanen suka tashi. A Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta afka wa yankunan Keta da Anloga da Ketu ta Kudu da asuba, dubban mutane suka rasa matsuguni. A Maris na 2025 abin ya sake faruwa a Agavedzi da ƙauyukan kusa da shi, har Shugaba John Mahama ya je ya gane wa idonsa.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. An kashe sama da dala miliyan 80 a aikin kare garin Keta da aka kammala a 2004, an kuma yi wa Ada irinsa a shekarun 2010. Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa dogayen layukan manyan duwatsu daga gaɓa zuwa cikin ruwa domin su tare yashin da ke wucewa, a kuma zuba sabon yashi a tsakaninsu. Aikin na taimaka wa inda aka yi shi. Amma yashin da aka tare a nan, shi ne wanda bai isa ƙauye na gaba ba, shi ya sa sau da yawa zaizayar kan koma daidai inda layin duwatsun ya ƙare.

Saboda haka tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce: ina filin yake daga dutse na ƙarshe? Fili biyu da ke da tazarar kilomita ɗaya, a bidiyo kamanninsu ɗaya, amma ɗaya na bayan kariya, ɗayan kuma shi ne na gaba a layi. Mai waya a hannu zai iya duba wannan da kansa. Manhajar Google Earth ta kwamfuta na da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, kana iya ja da baya shekara 10 ko 15 ka ga inda bakin ruwa yake a da da inda yake yanzu. Sannan in za a je ganin fili, a daidaita tafiyar da tsayuwar wata ko daren 14 zuwa 15, lokacin da teku ya fi cika. Dillali zai fi son ya kai ka sa'ad da ruwa ya janye, yashi ya yi faɗi.

To, a koma bakin kogi mana, tunda can ne manyan Accra suka yi nasu? Gaskiya can ya fi kwanciyar hankali, yara ma za su iya shiga ruwa, saɓanin ɓangaren teku inda jan ruwa ke da haɗari ko ga gwanin iyo. Amma shi ma da nasa. A watan Satumban 2023 tafkin Volta ya cika har hukumar da ke kula da Akosombo ta fara sakin ruwa domin kada madatsar ta samu matsala. Zuwa Oktoba garuruwan da ke ƙasa kamar Mepe sun nutse, sama da mutum 26,000 suka bar gidajensu, kuma ambaliyar ta taɓa har yankin Ada. Ga kuma cutar tsargiya da ta daɗe tana damun mazauna bakin Volta tun bayan gina madatsar. Mai kai yara wanka a kogi ya tambayi ma'aikatan lafiya na yankin tukuna.

Akwai wani ɓangaren da masu talla ba sa ambata ko kaɗan, shi ne mutanen da ke wurin kafin zuwanka. Abin da baƙo ke kira gaɓa mai shiru, wurin aikin wani ne. A nan masunta ke jan taru da safe, a nan suke ajiye jiragensu, a nan mata ke banda kifi. Duk katangar da aka ja har bakin ruwa, ta datse wa wani hanyarsa. A yankin an sha samun taƙaddama kan haka, kuma tun 2020 da aka bai wa wani kamfani hayar haƙar gishiri a Songor ake ta sa-in-sa da mazauna wurin da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Mutanen da teku ke ci ta gaba, masu kuɗi na matsa su ta baya, ba za a yi tsammanin su yi maraba da kowace sabuwar katanga ba. Gidan da babu kowa a ciki wata 11 a shekara kuwa, ba abin da ke tsare shi kamar zaman lafiya da maƙwabta.

Lissafin da na yi wa Yaya

Iskar teku gishiri gare ta, gishiri kuma ba ya raga wa ƙarfe. Kwanon rufi, ƙyauren ƙofa, makulli, na'urar sanyaya ɗaki, janareta, duk sukan yi tsatsa cikin sauri fiye da yadda mutumin Kano ko Zinder ya saba gani. Mafi muni shi ne rodin da ke cikin kankare: in gishiri ya kai gare shi sai ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Gidan da aka yi da yashin bakin teku da ba a wanke ba ya zo da cutarsa tun ran gini, fenti ne kawai ya rufe ta. Gidan da aka kulle kuma, danshi ke cinye katifu da labule. Ke nan dole a ajiye mai gadi ko mai kula, a biya shi duk wata, ga kuɗin hayar ƙasa na shekara-shekara, ga harajin gida na ƙaramar hukuma, ga gyara.

Sai batun canji. Ana yawan yi wa irin waɗannan gidaje farashi da dala, duk da cewa Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi kan sa farashi da kuɗin waje ba tare da izini ba. Mu ɗauki misali kawai, a ce gida dala 100,000 ne. A watan Mayun 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, naira miliyan 46 ke nan. A 2024 da dala ta haura naira 1,500, gidan ya koma naira miliyan 150 ba tare da an ƙara masa bulo ɗaya ba. Wanda ya biya gaba ɗaya kafin faɗuwar ya tsira da darajar kuɗinsa, wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujjar Yaya mafi ƙarfi. Wanda ya shiga biya kashi-kashi yana samun kuɗinsa da naira kuwa, bashinsa ya ninka sau uku. Kuɗin hayar da gidan zai kawo kuma da sidi za a biya, kuɗin da a 2022 ya yi mummunar faɗuwa har Ghana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje a watan Disamba.

Na ce masa ya ƙirga kwanakin da zai kwana a gidan da gaske. Mutumin da ke da shago a kasuwa, in ya samu mako biyu a shekara ya yi ƙoƙari. Mako biyu sau 50, kwana 700 ke nan, bai kai shekara biyu ba. Raba dala 100,000 da 700, kowane dare ya tashi kusan dala 143, ba a sa mai gadi da gyara da kuɗin jirgi ba. Lissafin na canzawa idan gidan na samun 'yan haya a sauran watanni ko kuma an sayar da shi da riba. Amma bayar da haya ga masu yawon buɗe ido sana'a ce mai zaman kanta, da rajistarta da harajinta, kuma tana buƙatar amintaccen mutum a wurin. Garin da shirunsa ne ya ja ka, shirun nan ne zai sa ɗakunan su zauna babu kowa a tsakiyar mako. Sayarwa kuma, duk shekarar da ta wuce hayar na raguwa, mai saye na gaba zai yi irin lissafin da kake yi yanzu.

Ta fuskar shige da fice abin da sauƙi. Ɗan Najeriya na shiga Ghana ba biza ya zauna har kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, daga Legas tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgi, ta mota kuma sai an ƙetare iyaka uku. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kodayake ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasar har sai an sanar da wani sabon tsari. Mallakar gida dai ba ta ba mutum izinin zama. Dattawan zango kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, mutane da yawa, ciki har da Hausawa da Yarabawa, suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance ko suka bar su haka nan. Mu ma mun rama a 1983, har jakar nan ta samu sunanta. Zamani ya canza, dangantakar ƙasashen biyu ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba, amma rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a 2019 da 2020 bai daɗe ba.

Gado ma abin dubawa ne tun da rai. Gidan da ke Ghana, magada sai sun bi ta kotun Ghana kafin ya koma sunansu, kuma ƙasar na da dokarta ta 1985 kan wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, wadda rabonta ya sha bamban da wanda muka sani. A zauna da lauya a rubuta komai, iyali kuma su san inda takardun suke.

Yaya ya tambaya ko ba gara ya nemi irinsa a gida Najeriya ba, wajen Badagry ko Ibeju-Lekki, inda aƙalla shi ɗan ƙasa ne. Ta ɓangaren shekarun haya da canjin kuɗi, haka ne. Amma tekun ɗaya ne, mutanen Ayetoro a jihar Ondo sun ga yadda ya cinye yawancin garinsu. Masu sayar da fili ɗaya sau uku ma ba sai an je Ghana ba. Kuma a Afrilun 2024 an rushe wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a Legas, ciki har da na Landmark, domin buɗe hanyar babban titin Legas zuwa Kalaba.

Bai fasa ba, bai kuma biya ba. Abin da muka tsayar shi ne zai kama hayar gida a Ada na mako biyu a watan Yuni, tsakiyar damina, lokacin da babu baƙi kuma babu mai ɗaukar bidiyo. Zai tafi da uwargida da yara biyu, ya ga yadda hanyar Kasseh zuwa cikin gari take idan an yi ruwa, ya auna nisan asibiti da masallaci da kasuwa, ya kuma taka da ƙafarsa daga filin da aka nuna masa zuwa layin duwatsu na ƙarshe. Dillalin ya riga ya kira shi sau biyu yana cewa akwai wani mai saye da ke jira.